Gwamnati ta biya ka ta murƙushe akwalarka: za ka yarda?

Malam Na Tudun Jukun: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun jiya. Na yi waya da ɗan yayata da ke Landan, yake ba ni labarin cewa a can duk mai tsohuwar mota mai hayaƙi, ranar da ya fito da ita kan titi sai ya biya fam 12.50. A 2023 magajin garin, Sadiq Khan, ya faɗaɗa dokar ta game birnin gaba ɗaya. Amma a lokacin sun haɗa da wani shiri, wanda aka rufe a 2024: ka kai motar a murƙushe ta, a ba ka kuɗi har fam 2,000. Ni kuwa ga 406 ɗita can wata biyu ke nan a gareji, inji ya buga a hanyar Giwa ina dawowa daga ɗaurin aure. Yara har sun fara ɓuya a cikinta. Sai na ce don me tamu gwamnatin ba za ta yi irin wannan ba? Su karɓi akwala su ba mu abin da za mu ɗora mu sayi mai lafiya. Ko ni ne ban gane ba?

Direban Sharon Kwangila: Wa alaikumus salam. Malam, wace gwamnatin? 😂

Bakaniken Muciya: Malam ai a garejina motar take, kuma na faɗa maka ba ta mutu ba. Bodi garau, giya garau, ƙasanta babu tsatsa. Inji ne kawai. Don Allah ka daina kiran ta akwala a bainar jama'a, kana karya mata kasuwa.

Maman Khalifa: Ni dai ina bayan Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata goma sha ɗaya a ɗakin da ake fara kawo 'yan haɗari. Ku da kuke cewa mota ba ta mutuwa ba ku ga abin da muke gani ba. Golf mai ɗaukar mutum huɗu an cusa mata tara, birki ya tsinke, taya ta fashe. Ranar nan ina bin wata bas daga Kofar Doka zuwa PZ, hayaƙin da take fitarwa sai da na rufe gilas a cikin wannan zafin, kuma yarana biyu masu asma ne. In akwai hanyar da za a kwashe irin waɗannan daga titi a biya masu su, wallahi alheri ne.

Dakta Samaru: Maman Khalifa, hujjarki mai ƙarfi ce, zan dawo kanta. Amma bari in faɗi yadda aka yi abin a inda aka gwada, domin ina Amurka ina karatu lokacin da suka yi nasu.

A 2009 ne, tattalin arzikinsu ya durƙushe, kamfanonin mota irin su General Motors da Chrysler sun kai ga talaucewa. Sai gwamnatin Obama ta fito da shirin. Ka kawo tsohuwar motarka mai shan mai, wadda ba ta wuce shekara 25 ba, tana tafiya da ƙafarta, tana da inshora da rajista da sunanka tsawon shekara guda. Sai a rage maka dala 3,500 ko 4,500 a kan kuɗin SABUWAR mota. Ku lura da kalmar. Ba a hannu ake danƙa maka kuɗin ka tafi kasuwa ba. Dila ne ke cire su daga farashi, shi kuma ya karɓa daga gwamnati. Da farko dala biliyan ɗaya aka ware, cikin 'yan kwanaki ta ƙare, majalisa ta ƙara biyu. Daga ƙarshen Yuli zuwa 24 ga Agusta an karɓi motoci sama da 670,000.

To Malam, da kana can a lokacin, da tun a bakin ƙofa za a mai da kai gida. Na farko motarka ba ta tashi. Na biyu, dala 4,500 ba ta kai rabin kuɗin sabuwar Corolla ba, kuma Corolla ce aka fi saye a shirin. Sauran kuɗin daga aljihunka ko daga banki. Wanda ya ci moriyar abin shi ne wanda dama yana da halin sabuwa, yana dai jinkiri. Masu bincike da suka bi diddigi daga baya sun ga cewa cinikin da ya yi tsalle a waɗannan makonnin ya faɗi a watannin da suka biyo baya, wato mutanen da za su saya nan gaba ne suka saya da wuri.

Malam Na Tudun Jukun: Ikon Allah. Wato mai shi ake ƙara wa.

Bakaniken Muciya: Dakta, su motocin da aka karɓa ina suka tafi? Ai nan ne maganar take.

Dakta Samaru: Oga, kai wannan zai fi ɓata wa rai. Doka ce dila ya kashe injin. Sai a juye baƙin man, a zuba wani ruwan sinadari da ake kira ruwan gilas a madadinsa, a tayar da mota a taka totur har ruwan ya daskare a ciki, inji ya ƙame. Ba gyara, ba sauke inji, ba canja ringi. An yarda a cire ƙofa da fitila da kujeru a sayar, amma injin sai dai narkarwa. Na tsaya na ga an yi wa wata Ford Explorer haka a bayan wani shagon dila. Ba ta yi minti uku ba ta yi wani kuka ta tsaya.

Bakaniken Muciya: Inna lillahi. Inji mai rai? Wannan ai almubazzaranci ne. Ni da nake tura yaro har Kofar Ruwa a Kano, wani lokaci sai an yi waya Ladipo a Legas, don neman kan silinda guda ɗaya.

Bari in faɗa wa 'yan zauren nan abin da ba su sani ba. Duk motar da ke yawo a Zariya da gawar wata take yawo. Wannan 406 ta Malam, lagireton da ke jikinta daga wata ce da ta yi karo a hanyar Kaduna. Madubin hagu na wata ne. Kofar baya ta dama, in ka kankare fentin za ka ga kore a ƙasa. Ni ban taɓa ɗaura wa mai 406 sabon giya daga kwali ba, kuma shekarata ashirin da biyu da sifana a hannu. In gwamnati ta kwashe dubu ta narkar, sauran dubu goman da suka rage a titi daga ina za su samu kaya? Abin da nake sayar wa mutum a yau gobe sai ya ninka, kuma wanda zai biya ninkin shi ne talakan da bai samu shiga shirin ba. An ba maƙwabcinsa mai hali rangwame, shi kuma an ɗora masa tsada.

Maman Khalifa: To ai Oga da bakinka ka faɗa. Mota ce ake harhaɗawa kamar tsumma, a ɗauki rayukan mutane a ciki.

Bakaniken Muciya: Hajiya, a gafarce ni, ba tsufa ke kashe mutane ba. Taya ce da gudu da lodi. Direba zai sayi taya 'yar gwanjo da wa'adinta ya wuce tun a Turai, ya ɗora buhun masara shida a but. Ki ba shi sabuwar mota dal, haka zai yi mata.

Direban Sharon Kwangila: Oga kar ka haɗa mu duka. Amma gaskiya Hajiya, ba son ranmu ba ne. Ni Sharon ɗin da nake ja ba tawa ba ce, kullum sai na kai balas. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar mai ba ta kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati. Aka cire tallafi ta haura 500 a mako guda, kafin 2024 ta ƙare ta wuce dubu. Fasinja kuma in ka ƙara masa ɗari biyu sai ya sauka. A cikin wannan za a ce min kawo motar a murƙushe, ga takardar rangwame je ka sayi sabuwa? Da me? Maigidana ma da ya sayi wannan sai da ya sayar da fili a Dogarawa.

Ku tuna lokacin da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013. Masu hali suka sayi Adaidaita suka ba da haya, masu babur ɗaya tilo suka karyar da shi ko suka kwararo garuruwan kusa. Wanda yake da nasa ya koma yaron wani. Haka za ta faru da mu.

Alhaji Dillali PZ: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Malam, abu na farko, motocin Landan ɗin nan da ɗanka ke magana ko an bar su ba za su amfane mu ba, sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Namu daga Amurka da Kanada da Jamus da Beljiyam suke zuwa. Shi ya sa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar da Bature ya murƙushe mota mai shekara goma, motar da za ta sauka a Kwatano ko tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas ce ya murƙushe. Wadda shi yake kira shara, ita ce Alhaji zai sa wa lamba a nan a zo ana Allah ya sanya alheri.

Ni na ga 2009 da idona, lokacin ina zuwa Kwatano da kaina. Jamus ta ba da yuro 2,500 ga duk wanda ya kawo motar da ta kai shekara tara ya sayi sabuwa, suka ware yuro biliyan biyar, motoci kusan miliyan biyu suka shiga. Irin su Golf da Vectra da Astra, abincin mutanenmu. Amma wani abin dariya, su ba su zuba wancan ruwan da Dakta ya faɗa ba, takarda kawai mai wurin murƙushewa zai ba da. Sai ga shi ƙungiyar 'yan sandan bincike ta ƙasar na cewa motoci har 50,000 da aka rubuta an murƙushe sun sulale zuwa Afirka da gabashin Turai. A Jamus fa! Inda ake cewa ko allura ba ta ɓata.

Direban Sharon Kwangila: Alhaji faɗi gaskiya, nawa ka sayo a ciki? 🤣

Alhaji Dillali PZ: Yaro, mota ba ta zuwa da tarihinta a goshi. Abin da nake so ku hango shi ne, in Jamus an yi haka, a nan mota ɗaya sai ta mutu sau bakwai. A murƙushe ta a takarda a Kaduna, a canja mata fenti ta je Katsina a sake murƙushe ta.

Ɗan Gwangwan Sabon Gari: Ni ma a bar ni in ce wani abu tunda sana'ata ake taɓawa. Jama'a, shirin da kuke nema ai yana nan, mu ke yin sa ba tare da kobon gwamnati ba. Mota in ta gama, mu ake kira. Masu kayan gyara su zo su zaɓi nasu, inji da giya da gilas da fitilu. Wayoyin ciki a fitar da jan ƙarfe. Batir daban yake da kuɗinsa. Alminiyon ya tafi wurin masu zuba tukwane. Kujeru mai shayi ya saya. Taya a yanka a yi takalmi da guga da igiyar ɗaure kaya. Abin da ya rage a sare da gatari a ɗora a sikeli, tirela ta kwasa zuwa kamfanonin narka ƙarfe su yi rodi. A mota ɗaya gida nawa suka ci abinci? In gwamnati ta shigo, kwangila za a ba wani babba ya kafa wuri guda da katanga, mu kuma a ce ba mu da lasisi.

Malam, in ka yanke shawara ni ina biya nan take, ba cike fom.

Bakaniken Muciya: Kai ka fita daga idon motar nan.

Baba Mai Fansho: Yarana, kun bar asalin maganar a baya. Ku tambayi kanku don me waɗancan ƙasashen suka yi. Ba don son mai akwala ba ne. Suna da masana'antar mota, ma'aikata za su rasa aiki, sai gwamnati ta zuba kuɗi don a sayi abin da ake ƙerawa. Kuɗin ya zagaya ya dawo gida, ko da yake a Amurka kamfanonin Japan ne suka kwashi kaso mai tsoka. Sin ma da ta yi nata a 2024, har yuwan 20,000 ga mai sayen motar lantarki, ai motocinta take tallatawa.

Ni na yi aiki a kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa mota a 1975. A zamaninmu malamin makaranta yana karɓar bashin mota daga gwamnati ya fito da 504 da ledarta a kujera, ana cire masa kaɗan kaɗan a albashi. Da a lokacin aka kawo irin wannan shiri, da ya yi ma'ana, domin ga sabuwar a nan kusa kuma albashi yana iya ɗaukarta. Yau fa? Akwai Innoson a Nnewi, akwai masu haɗawa a Legas da Kaduna, amma wane malamin firamare ne zai tunkari farashinsu? A zamanin Jonathan an ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan motocin da ake shigowa da su don a kare na gida. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Sabuwar ba ta yi araha ba, tsohuwar ce ta yi tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Khalifa: Baba, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma kowa a nan ya kawo dalilin da zai sa a bar abu yadda yake. Oga na kare garejinsa, Alhaji na kare kasuwarsa, mai gwangwan na kare sikelinsa. Wa ke kare yaron da ke tallar ruwa a Kwangila yana shaƙar hayaƙin nan tun safe har dare? Shi ba shi da mota, ba shi da ko keke.

Dakta Samaru: Na yi alkawarin dawowa kanki, Hajiya. Akwai inda aka yi a nahiyar nan kuma ya ɗan yi aiki, wato Masar. A 2008 suka yi dokar hana sabunta lasisin tasi da ta wuce shekara 20, a 2009 suka buɗe shiri a Alƙahira. Direba ya kai tsohuwar baƙa da fari, a ba shi kuɗin ƙarfenta, a yafe masa haraji a kan sabuwar da aka haɗa a cikin ƙasar, banki ya ba shi sauran ya riƙa biya wata wata. Tasi sama da 40,000 aka canja, da yawansu masu amfani da gas. Bambancin shi ne ba kowa aka buɗe wa ba, motocin haya aka nufa, waɗanda ke yini a titi su fi kowa hayaƙi. Duk da haka direbobin sun yi ta zanga-zanga daga baya a kan nauyin bashin.

In da ni za a tambaya, motar Malam da ke zuwa makaranta ta dawo ba ita ce matsalarki ba. Bas ɗin da kika bi ce. Ita ya kamata a fara da ita, kuma a bar mai ita ya canja da 'yar Beljiyam mai lafiya, kar a ce dole sai sabuwa.

Direban Sharon Kwangila: Dakta, bashin da ruwa ko babu ruwa? Don in da ruwa ni ban shiga ba, ko maigidana ba zai shiga ba.

Dakta Samaru: Tambaya ce mai kyau. Babban Banki kansa ya kai ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ka ga na 'yan kasuwa sai abin da ya fi haka. Sai dai a bi ta bankunan da ba sa ruwa, su sayi motar su sayar maka da riba sananniya.

Alhaji Dillali PZ: Kuma wani abu da ba ku taɓo ba. Ranar da aka sanar a rediyo cewa motar da ta kai shekara kaza za a daina sabunta mata takardu, a ranar darajarta ta zube, tun kafin a biya kowa sisi. Mutanenmu mota asusu ce. Mutum zai aurar da 'ya, ko rashin lafiya ta taso, ko kuɗin makaranta, sai ya kawo min makulli. Makon jiya wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta kawo Civic ɗinsa, da kuɗin ta biya hayar shekara biyu ta ja jari. In doka ta ce motar nan ƙarfe ce, me za ta samu? Kun manta canjin kuɗi na farkon 2023? Kuɗinka a hannunka, mai shago ya ce ba ya karɓa.

Maman Khalifa: Wannan kam gaskiya ne, ban yi tunanin nan ba. Amma ban janye ba a kan motocin haya.

Direban Sharon Kwangila: Hajiya in za a sa min tukunyar gas kyauta kamar yadda ake ta faɗa tun 2023, kuma a samu inda zan sha ba tare da na kwana a layi ba, ni da kaina zan kawo miki salansar ki duba.

Admin: Jama'a a riƙa taƙaitawa, kuma banda tallar kaya a zaure. Mai gwangwan, da kai nake.

Malam Na Tudun Jukun: To ni da na tayar da ƙurar, na ga dai ko an kawo shirin ba ni za a kira ba. Oga, batun injin fa? Ka ce za ka bincika.

Bakaniken Muciya: An samu ɗaya a Panteka, an ce daga jikin wata wagon aka sauke wadda tirela ta daka ta baya. Na ce kar a ba kowa sai na je na ji kukansa da kunnena. Ka shirya mu tafi Asabar bayan asuba, ka taho da kuɗin mota da na ɗauko.

Maman Khalifa: Malam, in an ɗaura injin a duba tayoyin ma don Allah. A karanta shekarar da ke jikinsu.

Ɗan Gwangwan Sabon Gari: Admin a yi haƙuri, tambaya ce kawai ba talla ba. Oga, shi tsohon injin da ya buga, wa zai ɗauka?

Bakaniken Muciya: Sai na cire kan silinda da alternato tukuna. Akwai mai jira.